Ruwan kogin Offin ya ɓata min rai

Assalamu alaikum 'yan uwa, daga Kumasi nake magana. Ku dubi kwalbar nan. Wallahi ba koko ba ne, ruwan kogin Offin ne da muka ɗebo a Dunkwa. Tunda na fara karatun ruwa a jami'ar KNUST da ke nan Kumasi ban ga abin da ya ƙona min rai kamar wannan ba. Faifan nan mai fari da baƙi da muke zurawa don gane inda haske ke kaiwa, yana taɓa ruwan ya ɓace, ko kamu ɗaya bai nutsa ba.

Aikin 'yan galamsey ne, masu haƙar zinariya ta bayan fage. A tsakiyar kogi suke kafa injinan canfan, wato injinan tono laka, suna wanke ƙasa don tace zinariya. Laka ta tare hasken rana, ciyawar ruwa ta mutu, kifi ya gudu. Wannan ma ido na gani. Zaibar da suke kama zinariya da ita fa? Tana kwanciya a ƙasan kogi, ta shiga jikin kifi, daga nan sai cikinka. Offin cikin kogin Pra yake zuba, kuma a 2024 kamfanin ruwa na Ghana ya ce dagulewar ruwa a matatar ruwan sha ta Sekyere Hemang da ke ɗibar ruwan Pra ta kai 14,000 a ma'aunin dagulewar ruwa, alhali 2,000 aka gina ta ta iya ɗauka.

Nan take Zamfara ta faɗo min a rai. A 2010 gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta kashe mana yara sama da 400. Na faɗa wa Alhajin da nake haya a gidansa a Aboabo, sai ya ce, "Ɗana, muna samari kifin Offin muke ci." Ya girgiza kai kawai.

Amma fa ku je tafkin Bosomtwe, 'yan sidi kaɗan ne daga Kumasi a trotro, wato motar haya. Dutse ne ya faɗo daga sama, shekara sama da miliyan ɗaya, ya haƙa ramin. Ba kogin da ke fita daga cikinsa, shi ya sa duk abin da aka zuba yana nan zaune. A kan gungumen katako masunta ke zama suna tuƙi da hannu. Kai, na tuna Tiga!

Ɗan uwa, in ka zo nan kada wani ya ce maka tafasa ruwan kogi ya wadatar. Ƙwayar cuta yake kashewa, zaiba tana nan. Ni kam kifin da ban san daga inda aka kamo shi ba, na daina saye.