Kowace ƙasa da shukar da take karɓa: lacca ga masu lambu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya, kuna jina? To, madalla. Shugaban taro, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa masu lambu, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana a kan abin da mutum zai shuka idan filinsa busasshe ne ƙayau, ko kuma irin wurin nan ne da ruwa ke kwanciya. Abubuwa huɗu na rubuto a takardar nan, in lokaci ya bari.

Na farko, ka san ƙasarka kafin ka je wajen masu sayar da dashe. Yawancinmu a baibai muke yi. Sai mutum ya ga mangwaro ya yi shar a leda a bakin titi, ya saya, sai ya zo gida sannan ya fara neman inda zai sa shi. Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo. Haƙa rami zurfin gwiwa, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In ka je masallaci ka dawo ka tarar ya shanye, jigawa gare ka. In ka kwana ka tashi ruwan yana nan, laka ce. Ka kuma dubi abin da Allah ya tsirar a wurin da kansa. Inda sabara da tumfafiya suka yi yawa, wurin fari ne. Inda ka ga giyayya ko kachala, kada ma ka tambaya, ruwa na kwana a nan.

Saiwa fa numfashi take yi, jama'a. In ruwa ya toshe 'yan kafofin da ke cikin ƙasa, shaƙewa take yi. Gwanda ba ta jure kwana 2 ko 3 a cikin ruwan da ya kwanta. Akwai wata baiwar Allah da ta dasa zogale a gindin famfo, ganye ya fara rawaya, ta ɗauka ƙishi ne, ta ƙara masa ruwa safe da yamma. Da na tona, saiwar nan mai kauri kamar rogo ta yi laushi tiɓis, na sa yatsa ya shige, ga wari. So ne ya kashe shi. Zogale ɗan tudu ne.

To masu jigawa, ga zogalen, ga lalle, ga yakuwa, ga aduwa, ga kuka wadda ko ba ka bar ta ta girma ba za ka riƙa tsinkar ganyenta tana ƙarama. Amma ni fa magarya nake so mu tsaya a kanta.

Na ga wasu suna murmushi. Eh, magaryar dai da kuka sani, wadda ta yaga mana riguna muna yara. Mun raina ta ne saboda ba a sayenta. Itaciyar da ake wanke mamatanmu da ganyenta, wadda malamai in sun zo kan Sidratul Muntaha suke cewa magaryar tuƙewa, ita muke sassabewa mu cinna wa wuta kowace bazara. Ku je ku duba ta a watan Afrilu, lokacin da ƙasa ke ƙona ƙafa. Akuya ta ci, makiyayi ya sara, wuta ta bi ta kanta, da ruwan farko ya sauka sai ta tofo. Sirrinta yana ƙasa: saiwarta nutsawa take yi can inda laima take, ba ta jiran guga.

Matsalarta ɗaya, 'ya'yan ƙanana ne, ƙwallo ya fi tsoka. To an samu mafita. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun yaɗa irin magaryar Indiya mai manyan 'ya'ya, ana yi wa tamu ta gida aure da ita, wato a ɗaura reshenta a kan gindin tamu, kamar dai yadda kuke yi wa mangwaro. A Nijar tuffar Sahel suke ce mata. Ranar da aka fara miƙo mini ita na rantse ba magarya ba ce, sai da na ga ƙwallon. Ta kusa ƙwan kaza, ka gatsa ta ce ƙaras, ga ruwa. Gindin namu ne, wanda ya san farinmu, kan kuwa baƙo ne mai kawo kuɗi. Kuma tana nuna ne lokacin sanyi, sa'ad da mangwaro bai shigo kasuwa ba.

Amma ku riƙe wannan, Malam mai rubutu, rubuta shi da kyau. Duk tofon da ya fito a ƙasan wurin auren, ka cire shi. Wannan tsohuwar magaryar ce take son ta ƙwace gidanta. In ka bar shi wata 2 zai rinjayi amaryar, ka koma gidan jiya. (Dariya.) Ai gaskiya ne. Sannan shekarar farko a ba ta ruwa, a kewaye ta saboda awaki. Jure fari ba yana nufin ka dasa jariri a rana ka tafi ba. Bayan an gama tsinka a rage mata rassa, domin a sabon reshe take yin fure. Ƙudan da ke sa wa 'ya'yan itace tsutsa yana sonta, saboda haka wadda ta faɗo a tsince a binne, kada a bar ta a gindi. Ku cire tofon ƙasa, na sake faɗa.

In ƙasar fako ce, wadda ruwa ke gudu a kanta, ku yi abin da manoman Tawa a Nijar suke yi, tassa da rabin wata: rami ko kunya mai lanƙwasa ta tare ruwan, a zuba taki a ciki.

Na nawa muke? Na uku? To a bar shi a na uku. Masu fadama, shugaba yana nuna mini agogo. Gwaza, rake, shinkafa, waɗannan ruwa ba ya ba su tsoro. A itatuwa, gwaiba tana daurewa, giginya da bagaruwa ma haka. Ciyawar jema a dasa ta a bakin gaɓa ta riƙe ƙasa. Tumatir da tattasai kuwa sai an ɗaga musu kunya mai tsayi. Mutanen Haɗeja da suka ga ambaliyar 2022 ba sai an yi musu dogon bayani ba. Itacen turare yana shan ruwa sosai, amma kada a kai shi kusa da rijiya ko katanga.

Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

(Wata daga cikin mahalarta ta ce ita ba ta da fili, sai bayan ɗaki inda ruwan wanka da wanke-wanke ke taruwa, kullum a jiƙe, ga sauro.)

Hajiya, ai lambu gare ki ba ki sani ba. In dai ruwan wanka ne, ba na masai ba, ki sa yara su haƙa rami inda rariyar ke zuba, faɗinsa kamar taku 1, su cika shi da busasshen ganye da kara, yadda ruwan zai ɓuya a ƙasa sauro bai gan shi ba. Ƙasar da aka fitar a tara ta a bakin ramin, a dasa 'ya'yan ayaba 3 ko 4 a kan tudun, ban da cikin ramin, don ita ayaba laima take so amma ba ta son tsayuwa a ruwa. Gwaza ta shiga tsakaninsu. Latas da duk abin da ake ci ɗanye kada su je wurin. Ranar da aka yi wanki da bilic kuma, a zubar da wannan ruwan a wani waje dabam. Ramin zai riƙa lotsawa, ki riƙa ƙara masa shara mai ruɓewa. Akwai wani hannu a can baya, Baba, bismillah.