Adbent: Me Ya Sa Ake Kunna Kyandir Ɗaya Bayan Ɗaya?

Dubi wannan da'irar ganye a gaban coci. Kyandir huɗu ne a kanta, amma ɗaya kaɗai ke ci. Ba mantuwa aka yi ba, haka aka nufa: kowace Lahadi kafin Kirsimeti sai a ƙara kunna guda.

Wannan lokaci shi ake kira Adbent, daga kalmar Latin da ke nufin "zuwa". Yana farawa ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma a cocin Katolika da Anglika da Luteran, daga nan sabuwar shekarar ikilisiya ke somawa.

Ita kuwa da'irar, wani fasto ne a birnin Hambog na Jamus, Johann Hinrich Wichern, ya fara yinta a 1839. Yana riƙe da gidan yara marasa galihu, kullum sai sun dame shi da tambaya: yaushe ne Kirsimeti? Sai ya ɗauko tsohuwar ƙafar keken doki, ya jera ƙananan jajayen kyandira na ranakun mako da manyan farare huɗu na Lahadi. Kowace rana a kunna guda, yaro ya ƙirga sauran da idonsa.

To, ina ruwan wannan da wanda aka sallama daga aiki a watan jiya? Ko matar da wannan ce Kirsimetinta ta farko ba maigida? Ko iyalin da rikici ya taso daga ƙauyensu, suna raɓe a ɗakin ɗan'uwa a gari, ga hunturu ya kankama?

Ruwansu ne ƙwarai, don mutanen da ake karanta labarinsu a waɗannan makonni, babu wanda rayuwarsa ba ta juye ba. Maryamu budurwa ce da aka yi wa baiko, sai ga ciki. Yusufu har ya yanke shawarar rabuwa da ita a asirce don kada ta sha kunya. Daga baya umarnin ƙidaya na Kaisar Augustas ya tayar da su daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar kwanaki, ga tsohon ciki. An faɗa musu wanda za a haifa, amma ba wanda ya ce musu ba za su sami masauki ba.

Abin da Kirista ke kira bege ke nan, ko sa zuciya. Ya bambanta da "ƙila a dace". Dogara ce ga wanda ya yi alkawari, alhali ba ka ga ƙarshen hanya ba. Wasiƙar Yakubu ta cikin Littafi Mai Tsarki, wadda ake karantawa a wasu shekaru ranar Lahadi ta uku, ta kwatanta shi da manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe. Manomi ba ya saukar da ruwa, amma ba ya kwana a gida: yana shara, yana kai taki. A wannan Lahadin ne ake kunna kyandir mai ruwan hoda a tsakanin na shunayya, alamar murna tun jira bai ƙare ba.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne Zakariya. Firist ne, dattijo, ya shekara da shekaru yana roƙon haihuwa. Da mala'ika Jibra'ilu ya ce masa an amsa, sai ya yi shakka. Bakinsa ya rufe har bayan da matarsa Alisabatu ta sauka. Ka lura, shakkarsa ba ta sa an janye alkawarin ba. Wata tara yana kallon cikin matarsa na girma, ba bakin cewa komai.

Ranar suna, kwana takwas da haihuwa, dangi suka dage sai a sa wa yaro sunan ubansa. Alisabatu ta ce a'a. Aka juya ga tsoho. Ya nuna a miƙo masa allo, ya rubuta cewa sunansa Yahaya. Nan take harshensa ya sake.