Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministar Harkokin Yara, Daga Bakin Shugabar Gidan Reno

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, babbar baƙuwarmu ta yau, da 'yan tawagarta. Mambobin kwamitin amintattu na wannan gida. Jami'an walwalar jama'a. Abokan aikina masu reno, na rana da na dare. Iyaye da 'yan uwa. Barkanku da zuwa, sannunku da hanya.

Ranki ya daɗe, a madadin yaran gidan nan da ma'aikatansa, ina yi miki maraba lale. Mun san aikin da ke kanki, kuma mun san ba kowane babba ne ke tako ƙafa ya zo wurin waɗanda ba su da ƙuri'a, ba su da mai kai kukansu jarida ba. Kin zo, mun gode, Allah ya saka da alheri.

Na san mai gadi ya tsayar da motocinki a ƙofa, ya miƙa miki rajistar baƙi kin sa hannu, ya kuma roƙi masu kyamara su mayar da ita jaka. Aikinsa ya yi, kuma mun ji daɗin yadda kika karɓi abin da fara'a. Za ki kuma lura ba mu jera yara a rana suna yi miki waƙa ba. Mun daina wannan. A cikin yaran da ke zama a gida irin namu akwai wanda kotu ta raba da mai cutar da shi, hoto ɗaya a Facebook ya isa ya nuna wa mutumin nan inda yake. Akwai kuma wadda za ta girma, ta yi karatu, ta kama aiki, amma hotonta yana nan a intanet da rubutu a ƙasa cewa marainiya ce ana nema mata taimako. Ba ta ba kowa izini ba, ba a ma tambaye ta ba.

Abin da nake so na faɗa miki yau abu ɗaya ne, kuma zan faɗe shi ba ɓoye-ɓoye. Gidan da za ki zagaya yanzu gida ne da ya san da zuwanki. Mun yi shara, mun gyara gadaje, kowa ya zo aiki a kan lokaci. Ba yaudara muka shirya ba, haka kowa yake yi idan zai yi babban baƙo. Amma halin gidan reno ba a ganinsa a irin wannan rana. Ana ganinsa ne da ƙarfe biyun dare, lokacin da yaro ya farka a firgice: wa ke farke tare da shi, mutum nawa ne, kuma wa ya san abin da ke faruwa a ɗakin? Saboda haka muna murna da zuwanki na yau, amma zuwan da ya fi amfani ga yaran nan shi ne wanda ba za a sanar da mu ba.

Ba daga kaina na ƙago wannan ba. A ƙasar Ailan, hukumar bincike da mai shari'a Ryan ya jagoranta ta fitar da rahotonta a watan Mayun 2009, bayan shekaru ana sauraron waɗanda suka tashi a makarantun kwana da gidajen reno na ƙasar. An sami duka, da yunwa, da lalata da yara, tsawon shekaru aru-aru a idon wanda ya sha su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ashe akwai masu duba gidajen. Suna zuwa. Sai dai ana sanar da gida kafin su zo, kuma da wuya su zauna su yi magana da yaran. Idan kuma asirin wani ya tonu, sau da yawa sai a ɗauke shi a mayar da shi wani gidan, ya tarar da wasu yaran. A Ostireliya, hukumar binciken lalata da yara da ta yi aiki daga 2013 zuwa 2017 ta saurari mutum kusan 8,000 a keɓe, ta kuma gano cewa a matsakaicin lissafi, mutum yakan yi kusan shekara 24 kafin ya iya buɗe baki ya gaya wa wani abin da aka yi masa. Shekara 24, ranki ya daɗe. Yaron ya zama uba, yarinyar ta zama uwa, maganar tana nan tana cin su. A yankin Wels na Birtaniya kuwa, ma'aikaciyar da ta tashi tsaye ta tona abin da ake yi wa yara a shekarun 1980 korarta aka yi daga aiki. Sai a shekarar 2000 rahoton binciken da mai shari'a Waterhouse ya jagoranta ya tabbatar da cewa cin zarafin ya faru, kuma a 2001 yankin ya naɗa kwamishina na musamman mai kare haƙƙin yara.

Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da dokoki. Gidajen kuma da yawansu na mutanen da jama'a ke girmamawa ne, shi ya sa ba wanda ya yi tunanin ya leƙa. Wannan ne ya sa ba na yarda wani ya ce mini, "Ai gidanku ba za a yi haka ba, mun san ku." Kowane gida da aka yi ɓarna a cikinsa, an san masu shi.

Mai cutar da yaro ba ya shigowa da mugun kama. Galibi shi ne mai fara'a, mai son taimako, wanda ke cewa a bar masa aikin dare ya hutar da kowa. Yakan duba ya zaɓi yaron da ba mai zuwa ganinsa, ya fara da 'yar kyauta, ya bi da 'yar alfarma, sannan ya ce wannan sirri ne tsakaninsu. Kafin ya kai ga mugun nufinsa ya riga ya sa yaron ya ji shi ma yana da laifi, ya kuma sa manya sun ɗauki yaron maƙaryaci. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar bangon a wurinmu ita ce ƙarancin ma'aikata, da gajiya, da ɗaukar mutum aiki don wani ya ce ya san shi.

Zan ba da labarin kaina, domin ni ma na taɓa kuskure. A farkon aikina, a wani gida da ba wannan ba, akwai yaron da ya fara fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Ya daina wasa, ya riƙa faɗa da kowa, in dare ya yi sai ya ƙi shiga ɗaki. Na ɗauka taurin kai ne, na yi ta yi masa faɗa. Watanni suka wuce kafin wata mai wanki, wadda take zama tana hira da shi ba tare da tambayar komai ba, ta zo ta gaya mini cewa wani babban yaro ne a ɗakinsu ke cutar da shi. Ruwa ba ya tsami banza, amma ni ban nemi dalili ba. Har yau abin yana damuna. Daga nan na koyi cewa yaro yakan faɗi damuwarsa da jikinsa da halinsa tun kafin ya faɗa da baki, kuma yakan zaɓi wanda zai gaya wa ne ba tare da duba muƙami ba. Na kuma koyi cewa cutar ba daga manya kaɗai take zuwa ba. Wancan babban yaron ma yaro ne, shi ma yana bukatar a bincika abin da ya same shi.

Shi ya sa a gidan nan kowa yake samun horo kan kare yara, har mai gadi da direba da mai shara. Ba ma ɗaukar mutum aiki sai mun kira inda ya baro mun ji dalilin barinsa. Babba ba ya kulle ƙofa shi kaɗai da yaro. Ba a duka, ba a hana abinci da sunan horo, ba a kulle yaro a ɗaki. Duk abin da ya faru da dare ana rubuta shi kafin gari ya waye. Idan kuma zargi ya taso, ko a kan wa, har da ni, ba a cewa a kashe maganar a cikin gida don kada sunanmu ya ɓaci. Ana kai ta ga jami'an walwala da 'yan sanda a ranar, a janye wanda ake zargi daga wurin yara har a gama bincike. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara, wadda aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989, ta ɗora wa hukuma kare yaro daga kowane irin cin zarafi a sashe na 19, ta ba shi haƙƙin a saurare shi a sashe na 12, sannan a sashe na 25 ta ce duk yaron da aka ajiye a wani wuri a riƙa sake duba zamansa lokaci-lokaci.

Wannan sashe na 25 shi ne ya kawo ni ga maganar da ba a saba ji daga bakin mai riƙe da gidan reno ba. Yawancin yaran da ke irin gidajenmu bai kamata su daɗe a ciki ba. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa yara kusan miliyan 5.4 ne ke zaune a gidajen reno a duniya, kuma mafi yawansu suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kawo su, ko naƙasa, ko rashin hanyar karatu. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa a 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce talauci shi kaɗai ba hujja ba ce ta raba yaro da gidansu, sun ce kada a raba 'yan uwa in ba dole ba, sun kuma ce yaron da bai kai shekara 3 ba a cikin iyali ya kamata a rene shi. Romaniya ta nuna wa duniya dalili. Bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceausescu, a Disambar 1989 an tarar da yara sama da 100,000 a gidajen gwamnati. Daga baya masana suka bi diddigin yara 136 a birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi samun ci gaban ƙwaƙwalwa da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2. Muna son yaran nan har cikin ranmu, amma mu ma'aikata ne, muna canjin aiki, muna tafiya hutu, wataran mu bar aikin. Jariri yana bukatar fuska ɗaya da zai riƙa gani kullum. Sashe na 20 na Yarjejeniyar ya ambaci riƙo a cikin iyali, ya ambaci kafala ta shari'ar Musulunci, sannan ya kawo gidan reno a matsayin abin da ake komawa gare shi idan ya zama dole.

Akwai kuma masu buɗe gida don kuɗin masu taimako, su bi ƙauyuka suna karɓar yara da alkawarin karatu, su mayar da su marayun ƙarya. A 2018 Ostireliya ta ayyana wannan a matsayin nau'in bautar zamani. Irin waɗannan gidaje ba su da rajista, ko kuma suna da ita amma ba mai leƙa su.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ga kukanmu, ranki ya daɗe. A turo mana masu dubawa ba tare da sanarwa ba, su zo da dare, su zo ranar hutu, su zauna da yara ba tare da mu a wurin ba. A ba kowane yaro wani babba daga wajen gida, wanda ba mu muke biyansa ba, wanda yaron ya san sunansa kuma zai iya kiransa ba sai ya nemi izininmu ba. Muna roƙon a buɗe rajista guda ta waɗanda aka kora saboda cutar da yara, domin yau wanda muka kora zai iya samun aiki a wani gidan kafin wata ya ƙare. Ma'aikacin da ya ga ɓarna ya faɗa, doka ta tsaya masa, kada ya rasa abincinsa saboda gaskiya. Kuma kuɗin da ake kashewa a kan gadon yaro a nan, a duba ko kaɗan daga cikinsa zai isa ya zaunar da shi wurin kakarsa ko gwaggonsa, tare da jami'in da zai riƙa bibiya, domin gidan dangi ma ba a sakin sa haka nan.

Sai waɗanda suka kai shekara 18. Ranar da doka ta ce sun girma, ranar ce ƙofa ke rufuwa a bayansu, alhali ɗan da ke gaban iyayensa ba a sallamarsa a wannan rana. Masu neman yaran da ba su da kowa sun san da wannan ƙofa, a bakinta suke jira. A taimaka mana da wurin zama da sana'a da mai bibiyarsu na wasu shekaru.

Ranki ya daɗe, akwai yara da suka ce suna son ganinki. Su suka zaɓi kansu, ba mu koya musu abin da za su faɗa ba, kuma ni ban san shi ba. Suna jiranki a ɗakin karatu tare da jami'ar walwala da ta zo daga waje. Ni da ma'aikatana ba za mu shiga ba. Idan sun faɗi abin da ya shafe mu, ki bi shi har ƙarshe, kada ki duba fuskarmu.

Mun gode da zuwanki, Allah ya mayar da ke gida lafiya. Bismillah, ga hanya.