Mota Ta Tashi Ta Mutu a Silo? Dakata, Kada a Murza Sukurun Nan

[Hoto: allon mota, allurar inji tana rawa]

Ku kalli allurar nan mai nuna saurin juyawar inji. An murza makulli, mota ta tashi lafiya lau, allura ta haura sama da 1,000, ta fara saukowa, ta wuce 700, ta ɗan yi rawa... ɗif. Ka sake tayarwa, ta ɗauka kamar ba ita ba. Gobe ba za ta yi ba. Jibi sai ta bari ka shiga cunkoson Kwangila, ka ɗaga ƙafa daga totur, sannan ta tuna, masu Keke na bayanka suna ta zuba maka oda.

Tun da hunturu ya kama, wannan ce tambayar da ta fi yawa, kuma amsar da ake ta yi wa juna ɗaya ce: "A ƙara mata silo." Silo kuwa shi ne aikin da inji ke yi shi kaɗai, ba a taka totur ba. To, a nan za mu zauna. Amma bari mu kawar da ƙananan abubuwa tukuna.

[Hoto: an buɗe bonet]

Kan batir: girgiza shi, in yana motsi a ɗaure, in ya yi farin gari a kankare. Matatar iska: ɗaga ta sama, in ba ka ganin haske ta cikinta, ta gama aiki. Filogi, kun ga yadda wannan ya yi baƙi. Sai tiyon iska, wannan ƙaton baƙin robar, a lanƙwasa shi a duba ƙasansa, don a cikin ninkin yake tsagewa inda ido ba ya kaiwa. In kana jin "sssss" inji na aiki, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Shi ke nan, mun wuce.

Yanzu gwajin da ba ya cin ko sisi. Tayar da mota, ka ɗora ƙafa a totur kaɗan, ka riƙe. In ta ci gaba da aiki sumul, sai ka saki ne take mutuwa, to mai yana zuwa, wuta tana zuwa. Iskar silo ce ba ta isa.

[Hoto: bakin totur a kusa, an cire tiyo]

Ga inda maganar take. Wannan faifan zagayayye shi ne ƙofar iska. In ka taka totur ya buɗe, in ka saki ya rufe. To da ya rufe, ta ina injin ke numfashi? A motocin da ke da wayar totur, irin su Accord ta 2003 mai silinda huɗu da tsofaffin Corolla, akwai 'yar hanya a gefe, da ɗan bawul da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ke buɗewa da rufewa. A sababbi, waɗanda babu waya tsakanin ƙafarka da inji, faifan da kansa ake ɗan buɗewa, siririn tsagi kawai.

Yanzu ku dubi gefen faifan. Kun ga baƙin nan mai danƙo? Tururin baƙin mai ne da inji ke mayarwa cikin hanyar iska, ya haɗu da ƙurar Zariya, ya daskare. Kamar mai mura ne, hanci a toshe: in yana tafiya baki buɗe ba ya ji, sai ya kwanta ya rufe baki.

Dalilin da ya sa take yi yau ta ƙi gobe ke nan. Ƙwaƙwalwa tana ta ƙara buɗe bawul don cike giɓi har ta kai iyakarta. Ranar da babu nauyi, mota ta tsira. Ranar da ka kunna esi, ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe za ka fita daga gida, ko fanka ta tashi, nauyi ya hau injin, babu sauran iskar ƙarawa. Sai ta mutu.

[Hoto: hannu ya nufi sukuru da sukundireba]

Dakata, Oga! Wannan sukurun ba na silo ba ne. A zamanin kafireta, zamanin Fijo 504 da 505, gaskiya ne, da sukuru ake saita silo, kuma iyayenmu bakanikai sun ƙware a kai. Amma a mota mai nozul, wato mai fesa wa inji mai ba tare da kafireta ba, ƙwaƙwalwa ce ke yanke silo. Shi wannan aikinsa kawai ya tare faifan kada ya manne da bango, kuma tun daga kamfani aka saita shi, wasu har da ɗigon fenti a kansa. In ka murza, mota za ta daina mutuwa, mai ita ya biya yana murna. Amma dattin yana nan, na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa matsayin totur ta fara ba da labarin da ba haka yake ba, mai ya ƙara tafiya, in atomatik ce ta soma fizga in an sa giya. A tsadar fetur ɗin nan kuwa, ni dai ban ga riba ba.

Wanki ake yi. A kashe mota, a zare makulli. Feshin wankin totur da tsumma mai tsabta, a goge gaba da bayan faifan, a kula da gefen da yake haɗuwa da bango. Mai bawul, a kwance shi a wanke hanyarsa. Mai lantarki kuwa, wato wanda babu waya, a bi shi a hankali, kada a banƙare faifan da ƙarfi, kada a cika feshi ya gangara wajen ɗan injin lantarkin da ke juya faifan. Ita kuma na'urar auna iska da ke kusa da matata, feshinta daban ne. Kada a kusance ta da fetur ko buroshi, don siririyar waya ce a ciki.

[Hoto: an mayar da komai, an tayar]

Kun ga ta haura, tana gurnani? Kada hankali ya tashi, nan ne mutane ke cewa bakanike ya ɓata mota. Ƙwaƙwalwa ta saba da toshewa, har yanzu tana buɗe ƙofa irin ta da. A bar injin ya ɗau zafi, a kashe esi da fitilu da rediyo, a ƙyale ta kamar minti goma ba tare da taɓa totur ba, sannan a kunna esi a ƙara mata wasu mintoci. Yawancin Toyota da Honda da kansu suke saukowa wajen 700. Nissan tana da nata tsarin, gara a jona mata kwamfuta.

Wadda kuwa take mutuwa ko ƙafarka na kan totur, ko ta mutu da zafi ta ƙi tashi sai ta huce, wannan ba datti ba ne. A auna ƙarfin famfon mai, a duba na'urar karanshaf, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda inji ke juyawa. In an jona kwamfuta, P0505 da P0506 na silo ne, P0171 iska ta fi mai yawa, P0335 karanshaf. Ka ɗauki hoton lambar da wayarka kafin a goge ta.