Lacca: me ke sa kai ya ɗauke wuta a ɗakin jarrabawa

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina ko? Toh madalla.

Kowa anan ya san abin nan, ka kwana kana hadda, ana raba takarda sai kai ya ɗauke wuta, kana fitowa kuma amsa ta dawo tas. Wani ma sai yace jifansa akayi.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai fitar da sinadarai in mutum ya shiga matsi. Adirenalin nan take yake fita, shine mai sa zuciya dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe. Kotisol kuwa mai nawa ne, sai bayan minti 20 zuwa 30 yake kai ƙarshen hawansa, kuma a yawu ma ana iya auna shi.

A 1993 Kirschbaum da abokan aikinsa a Jami'ar Trier ta Jamus suka fito da wani gwaji, ni dai mugunta nake ce masa. A tsayar da kai gaban alƙalai sun murtuke fuska, kayi minti 5 kana jawabi kamar mai neman aiki, sannan wani minti 5 ɗin kana cire 13 daga 1022 a ka, kayi kuskure ace koma farko. Ku gwada, 1009, sai me? Kunga ɗakin yayi tsit.

Sai dai fa, wanda yace tsoro ya kusa kashe shi sau da yawa ba shine yawunsa yafi kotisol ba, wani kuma zaice ko a jikinsa alhali sinadarin ya hau. Don haka ni in akace kwalbar yawu kaɗai zata nuna maka mai fargaba, ban yarda ba.

Inda kotisol ɗin yafi faɗin gaskiya shine wajen tuno abu. A 2000 de Quervain da mutanensa a Zurich ta Switzerland suka ba mutane kotizon, maganin da jiki ke mayarwa kotisol, awa ɗaya kafin a tambaye su kalmomin da suka haddace jiya, sai tunowar ta ragu. Karatun yana nan, hanyar ɗauko shi ce ta toshe na ɗan lokaci.

Malam mai ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah, ɗaga murya dai.