Yadda ake gano yawan barasa a cikin ruwa a ɗakin gwaje-gwaje

Ɗaliban kimiyya na Bauchi, ku matso kusa. Ko ogogoro ce hukuma ta kama, ko jiƙon magani da ake zargi, hanyar awon ɗaya ce, kuma nauyi take dubawa. A zafin digiri 20, mililita ɗaya na tsantsar ruwa giram 0.9982 ne, na itanol kuwa, wato tsantsar barasa, 0.789. Duk yadda barasa ta ƙaru, ruwan sai ya ƙara sauƙi.

Sai dai ba a auna samfurin yadda ya zo. Sukarin da ke ciki yana ƙara nauyi, ya ɓoye barasar, don haka sai an fara raba ta da shi ta hanyar tururi. Ku auni mililita 100 daidai, ku juye a kwalbar dafawa, ku ɗauraye ma'aunin da tataccen ruwa kamar mililita 50 ku haɗa. Ku jefa 'yan ƙwayoyin gilashi don kada ya yi tsalle in ya tafasa. Itanol yana tafasa a wajen digiri 78, shi ya sa yake riga ruwa tashi. Tururin ya bi bututun sanyayawa ya ɗiga cikin kwalbar da kuka nutsa a ƙanƙara. In kun tara kusan mililita 95, ku kashe wuta, ku cika da tataccen ruwa zuwa layin 100.

Yanzu fiknomita, 'yar kwalbar awon nauyin ruwa mai murfi da siririn rami. A ce busasshiya ta ba da giram 22.410 a sikeli, cike da ruwa kuma 47.365. Ruwan ke nan 24.955, ku raba da 0.9982, cikinta mililita 25 ne. Da ruwan da kuka tara ta ba da 46.110. Ku cire nauyin kwalba, saura 23.700, ku raba da 25, ya zama 0.9480. Ku duba jadawalin barasa, wanda ke nuna yawan barasar da kowane nauyi ya yi daidai da shi: kashi 40 cikin 100.

Kada ku yi lissafin da ka. Mililita 50 na itanol da 50 na ruwa in sun haɗu wajen 96 suke bayarwa, ba 100 ba, don haka jadawalin dole ne.

Inda aikin ya fi lalacewa a nan shi ne zafi. A watan Afrilu ɗaki yakan wuce digiri 35, ruwa ya buɗe ya yi sauƙi, sai awo ya nuna barasa fiye da yadda take. Ku ajiye fiknomita a kwanon ruwa mai digiri 20 na kusan rabin awa, ku goge jikinta, kuma kada ku riƙe ta da tafin hannu. Kumfa ɗaya a ƙarƙashin murfi ma tana ƙara adadin. Mahaɗar bututu in tana yoyo kuwa, barasa ta gudu, adadin ya faɗi.

Wannan awo ba ya bambanta itanol da metanol, mai makantar da mutum har ya kashe, domin nauyinsu kusan ɗaya ne. In ana zargin guba, a kai samfurin ga na'urar kuromatogirafi ta gas, mai rarrabe sinadaran da ke cikinsa.