Ranar Farko a Ƙarƙashin Teku: Lacca Kan Nutso da Iyo a Duwatsun Murjani

An gabatar da wannan lacca ga wasu 'yan kasuwa da ɗalibai a Agege, Legas. Mai jawabin malamin koyar da nutso ne. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma.

Da yawanku kuna fita waje, wasu Umara, wasu saro kaya a Alƙahira, wasu karatu. A Jidda, ko Hurgada ta Masar, ko Zanzibar, wata rana za a miƙo muku takarda mai hoton kifaye, a ce ku biya a kai ku yini guda a teku. Ina so kafin ranar ta zo ku san abin da za ku tarar, domin mafi yawan matsalar da sabon mai nutso ke shiga daga abu guda take fitowa: iska tana canza girma a ƙarƙashin ruwa, shi kuma bai sani ba.

Bari mu fara da murjanin. Iyayenmu mata sun san jan murjani na wuya, wanda asalinsa daga Bahar Rum yake. To, murjani ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba. Ƙananan halittu ne masu rai da suke zaune a cunkushe, kowace tana gina wa kanta gida na farar ƙasa mai tauri, sabbi suna ɗorawa a kan na tsofaffi har abin ya zama tudu a cikin teku. Irin mai dunƙulewa ba ya ƙaruwa da fiye da kamar santimita ɗaya zuwa biyu a shekara. Wanda ya kai tsayin mutum, ku lissafa da kanku. Jerin duwatsun murjani mafi girma yana gabar Ostireliya, tsawonsa kusan kilomita 2,300. Duk duniya waɗannan duwatsu ba su rufe ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku, wato rubu'insu, a nan suke samun ci da mafaka.

Wani zai ce ga teku a bayan gidanmu, me zai kai mu Masar? Murjani yana son ruwa garau, mai ɗumi, mai cikakken gishiri, wanda rana ke ratsawa. Gabarmu kuwa koguna suna zubo mata laka da ruwan daɗi. Shi ya sa ba za ku ga irin waɗannan duwatsu a gabar Tarkwa Bay ta Legas ba. Legas wurin koyo ne a tafkin iyo, kuma wanda ya yi haka kafin tafiya ya rage wa kansa rabin wahala.

Da safe, kafin ku hau jirgin ruwa, za a ba ku takardar lafiya. Don Allah ku faɗi gaskiya. Asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, juna biyu, tiyatar kunne ko ta huhu, duk sai da izinin likita, wasu ma babu izinin. Mai sikila kada ya yi nutso da tukunyar iska; wannan ya shafe mu 'yan Najeriya sosai, kuma ba kowane mai jirgi ne zai tuna ya tambaya ba. Mura ma tana hanawa, zan faɗi dalili. Ku karya da abinci mara maiƙo, ku sha ruwa sosai. Mai saurin jiri ya sha magani awa guda kafin tashi, ya zauna tsakiyar jirgi yana kallon nesa, ba waya ba. Kuma ku tabbata an rubuta sunanku a jerin fasinjoji, ana ƙirga mutane bayan kowace shiga ruwa.

Yawanci da iyon sama ake farawa. Kayansa uku: gilashin fuska, bututun numfashi, da takalmin iyo mai kama da ƙafar agwagwa. Gwajin gilashi shi ne ka ɗora a fuska ba tare da igiya ba, ka ja iska kaɗan ta hanci; in ya manne, naka ne. Kada ka ɗaure da ƙarfi, matsewa ke lanƙwasa robar ruwa ya shiga. Gashin baki ma yana sa yoyo, sai a shafa ɗan man Vaseline a kan gashin. Don kada ya yi hazo, a goga ɗigon sabulun jarirai a ciki a ɗauraye. In ruwa ya shiga bututu, ka furzar da ƙarfi sau ɗaya, numfashin da zai biyo baya ka ja shi a hankali. Bugun ƙafa daga ƙugu yake, ba daga gwiwa kamar mai tuƙa keke ba.

Wanda bai ƙware a iyo ba ya sa rigar ceto, babu kunya a ciki. In akwai jan ruwa, ka fara iyo kana fuskantarsa tun kana da ƙarfi, ya dawo da kai idan ka gaji. Kuma kada wanda ya yi ta jan numfashi da sauri-sauri don ya daɗe a ƙasa. Wannan yana kashe alamar da jiki ke bayarwa cewa iska ta ƙare, mutum ya suma a ruwa ba tare da gargaɗi ba.

Yanzu nutso da tukunya, kuma nan nake so mu daɗe.

A bakin teku, nauyin iskar sama yana danne mu, ana kiran wannan ma'auni bar ɗaya. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara bar ɗaya. Kenan a mita 10 matsi ya ninka. Ka hura balan-balan ka nutsa da ita mita 10, za ta koma rabi. Ka cika ta a can ƙasa ka sake ta, kafin ta iso sama ta ninka, ko ta fashe. Wani masani ɗan Ayilan, Robert Boyle, ya bayyana wannan tun 1662. Huhunka shi ne balan-balan ɗin. Idan ka shaƙi iskar tukunya a ƙasa, ka riƙe numfashi ka taso, iskar za ta faɗaɗa ta yaga huhu, kumfa ta iya shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Ba sai wuri mai zurfi ba, tasowar mita ɗaya da 'yan kai da cikakken huhu ta isa. Saboda haka doka ta farko: kada ka taɓa riƙe numfashi. Ko abin baki ya fita, ka riƙa sakin ƙananan kumfa har ka mayar da shi.

Tukunyar da za a goya muku yawanci ta alminiyom ce, lita 11, an cika ta zuwa bar 200. Ba zallar oksijin ba ce kamar ta asibiti, iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matse: oksijin kashi 21, naitirojin kashi 78. A kanta akwai regileta, aikinta kamar na tukunyar gas ɗin girki, tana rage ƙarfin iska zuwa yadda baki zai ɗauka. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, su suka ƙera irinta a 1943. Akwai abin baki na biyu, mai launin ɗorawa, na taimakon abokin nutso. Akwai rigar da ake hura wa iska da maɓalli don daidaita tsayuwa a ruwa, da ɗamarar dalma, da agogon da ke nuna sauran iska. Kafin shiga, ka shaƙi iskar sau uku kana kallon agogon. In allurar tana rawa, ba a buɗe tukunyar sosai ba. In iskar tana warin mai ko hayaƙi, ka ce a canza.

Lissafin iska mai sauƙi ne. Lita 11 sau 200, lita 2,200 kenan. Ana fitowa da bar 50 a ajiye, saura 1,650. Wanda ke shaƙar lita 20 a minti a sama, a mita 10 zai ci 40. Wajen minti 40 ke nan. Mai tsoro yana haki zai cinye ta da wuri. Ka riƙa duba agogo duk 'yan mintoci, ka nuna wa malami idan ta kai bar 100.

A tsarin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, mai gwajin rana ɗaya ba ya wuce mita 12, kuma sai an fara koya masa a ruwa mara zurfi. Wanda ya ce ku yi tsalle kai tsaye ba tare da wannan darasi ba, ku karɓi kuɗinku. A ganina malami ɗaya da sababbi biyu shi ne daidai. Fiye da huɗu kada ku yarda.

Kunne shi ne abin da ya fi mayar da mutane jirgi. Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, wanda wata siririyar hanya ta haɗa da maƙogwaro. Kana sauka ruwa yana danna dodon ciki. Maganinsa ka toshe hanci da yatsu, ka hura a hankali har ka ji ɗan "ƙas", ko ka haɗiye yawu. Ka fara tun daga sama, ka maimaita kowace mita, kafin zafi ya zo. In ya ƙi, ka ɗan taso mita guda ka sake gwadawa. Kada ka tilasta, hurawa da ƙarfi tana lalata kunnen ciki. Mura tana kumbura wannan hanya, ga dalilin da na ce tana hanawa. Shan maganin buɗe hanci kuma yaudara ce, yana iya sakinka a ƙasa, iska ta maƙale wajen tasowa. Gilashin fuska ma iska ce a ciki, ka riƙa hura masa kaɗan ta hanci, in ba haka ba ya tsotsi ido ya yi ja wur. Idan ruwa ya shige shi, ka danne samansa, ka ɗaga kai, ka fitar da iska ta hanci.

Babu magana a ƙasa, sai hannu. Zobe da babban yatsa da manuniya: lafiya lau. Tafin hannu yana rawa: akwai matsala, sai ka nuna wurin. Hannu yana yanka wuya: iska ta ƙare. Ɗaga babban yatsa kuwa, wanda muka saba a hoto, ma'anarsa mu hau sama.

Za ku ga komai ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ja yana ɓacewa tun daga kamar mita 5. Ku kalla, amma hannu a rungume a ƙirji. Taɓawa tana goge majinar da ke kare murjani daga cuta, bugun takalmi ɗaya kuma yana karya ginin shekaru. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ɗumamar teku ta riga ta galabaita shi: ƙarin digiri ɗaya na 'yan makonni yana sa ya kori ƙananan tsirran da ke ciyar da shi, ya yi fari fat. Ku ma kariya ce gare ku. Murjanin wuta yana ƙuna, a wanke da ruwan teku, ba ruwan sha ba. Bushiyar teku tana barin ƙaya. Kifin dutse yana kwance kamar dutse da dafi a bayansa. Wanda ya taka, a tsoma ƙafar a ruwan zafi da fata za ta iya jurewa, wajen digiri 45, a garzaya asibiti.

Tasowa a hankali ake yi, kamar mita 9 a minti, ana sakin iskar riga, a tsaya a mita 5 na minti 3. Dalili: a ƙasa naitirojin yana narkewa cikin jini. Kun san kwalbar lemo: in an buɗe a hankali gas ya fita shiru, in an fizge ya yi kumfa. Kumfar nan a jiki ita ke kawo ciwon gaɓoɓi, dindiris, jiri, gajiya mai tsanani, har shanyewar jiki. Wanda ya ji haka bayan nutso, ko da awanni sun wuce, a ba shi oksijin a kai shi likita, kada ya ce bari ya kwanta ya gani. Kuma babu hawa jirgin sama sai bayan awa 12 ga nutso ɗaya, awa 18 ga fiye da haka. Ku da kuke sayen tikitin dawowa Legas a matse, ku sa nutson a farkon tafiya.

Tambaya daga wata baiwar Allah: Malam, mace za ta iya yi cikin sutura?

Ƙwarai, Hajiya. Rigar nutso mai kaurin milimita 3 tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hular kai ta roba. Ana iya ɗora riga a sama muddin ba mai yalwa ba ce da za ta sarƙe da bututu. Gefen hular kada ya shiga ƙarƙashin robar gilashi, zai kawo yoyo.

Wani dattijo: Mai azumi fa?

Ranka ya daɗe, hukuncin na malamai ne. Ta fuskar lafiya, iskar tukunya busasshiya ce, tana ƙara ƙishirwa, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana daga abubuwan da ke ƙara haɗarin waccan kumfa. A ɗaga shi zuwa ranar da za a sha ruwa kafin shiga da bayan fitowa.